Makon da Malam Ya Yi Ta Waƙa

Maɓallin rigar ne ya gagare shi. Malam yana zaune a bakin gado, ya kama na saman da yatsu biyu, yatsun suna ta kakkarwa kamar ba a jikinsa suke ba. Ya kai shi bakin ramin ya kuɓuce, ya sake kaiwa ya sake kuɓucewa. Amarya tana tsaye a ƙofar ɗaki da kofin shayi a hannu, ta kasa shiga, ta kasa komawa.

"Kawo in saka maka," in ji ta.

"Bar shi." Harshensa ya yi nauyi, maganar tana fita a narke. "Zan makara. Yara suna jirana a aji."

Malam ya yi shekaru rabonsa da aji. Tun bayan ciwon da ya kwantar da shi makarantar ta ɗauke shi daga koyarwa, ta ba shi makullin ɗakin ajiyar kayan kimiyya, inda yake wuni yana wanke kwalabe da goge ƙwarangwal ɗin roba. Babu yaron da ke jiransa a ko'ina.

Amarya ta dubi shayin. A ƙasan kofin, ƙarƙashin sukarin da ta ƙara don ya ɓoye ɗanɗano, akwai ƙwayar magani guda da ta murƙushe da bayan cokali. Ya fi mako tana haka kowace safiya, kuma daga ita sai Allah.

Amarya dai suna ne ya bi ta. Ita kaɗai ce matar gidan, 'ya'yanta biyu har sun yi wayon tafiya makaranta su kaɗai, amma tun da ta shigo gidan uwar mijinta ba ta taɓa kiranta da wani suna ba, sai kowa ya ɗauka. Ita ce ta zauna da Malam a wancan ciwon, ita ce kuma ta fi kowa sanin yadda yake farawa. Da waƙa yake farawa. Daga waƙa sai barci ya ƙaura, daga nan sai magana ba ƙaƙƙautawa. Wancan karon a kan rufin makaranta aka sauko da shi yana yi wa unguwa gaba ɗaya darasi, aka ɗaure shi a gabanta yana kiran sunanta. Ta rantse a ranta ba za ta sake ganin wannan ranar ba.

To kwanan nan sai ga Malam yana waƙa a banɗaki. Yana tashi kafin gari ya waye, ya shimfiɗa manyan takardu a tsakar ɗaki yana zane da alƙaluma masu launi. Ya sayo sabuwar riga. Yana tsokanar yara a wurin cin abinci yana dariya har da buga tebur. Ta so ta tambaye shi, amma ta san abin da tambayar ke yi masa. Ka ce wa Malam "ka sha maganinka kuwa?" yana cikin dariya, sai ka ga fuskar ta mutu nan take, ya wuni bai sake ɗaga kai ba. Kuma ai yana sha. Safe da yamma, a gabanta, bai taɓa tsallakewa ba.

Shi da bakinsa ya koya mata yadda maganin ke aiki, don Malam ba ya iya riƙe sani a cikinsa, sai ya sami wanda zai juye wa. Ya sha zaunar da ita yana kwatance da hannu.

"Kin ga ƙwaƙwalwa, ƙananan ɗakuna ne birjik, kowace ƙwayar halitta ɗaki guda. Saƙo yakan zo daga maƙwabta ya ƙwanƙwasa ƙofa, amma ba ya shiga. A ciki akwai 'yan aike, furotin ake ce musu. Wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, har a kai ƙurya inda ake yanke shawara. To ni a nawa kan akwai wani sarkin zumuɗi. Kafin a gama cewa 'je ka' ya kai kasuwa ya dawo." Sai ya ɗaga ƙwayar litiyam, maganin nasa, tsakanin yatsunsa. "Wannan ba kashe shi take yi ba. Kafaɗarsa take dafawa ta ce masa, a hankali, ɗan'uwa."

Ta yi dariya a lokacin, kuma ta riƙe maganar. Da waƙar ta soma, lissafinta bai yi nisa ba: sarkin zumuɗi ya zame daga hannu ɗaya, to a sa masa biyu. Asibiti na ba su maganin wata da watanni a babban gwangwani, babu mai ƙirgawa. Ta lura gwangwanin yana sauka da sauri fiye da yadda ta zata, sai ta ce tsoro ne ke ƙara mata gani. Bayan 'yan kwanaki waƙar ta tsaya, ta yi hamdala. Sai amai ya zo, da gudawa, da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, ta ce ɓacin ciki ne. Yau kuma ga wannan.

Malam ya haƙura da maɓallin ya yunƙura zai miƙe. Ƙafafunsa suka harɗe, ya tafi gefe guda ya bugu da jikin kabad. Amarya ta dire kofin ta tare shi, nauyinsa ya kusa kai su ƙasa tare.

Ƙarar ce ta fito da Inna, mahaifiyar Malam, daga ɗakinta. Tsohuwa ce mai hawan jini, wadda likita ya ce a riƙa kauda mata tashin hankali, shi ya sa Amarya ba ta taɓa furta mata komai game da waƙar ba. Ta tsaya ta dafa bango tana kallon ɗanta.

"Auta, me ya same ka?"

"Inna, a sa mini takalmi. Aji... yara na jira."

Inna ta dubi Amarya sau ɗaya ta kawar da ido, leɓɓanta suna motsi.

"Kira yayansa," in ji ta a hankali.

Yaya Babba ya iso da motarsa ta haya, bai ko kashe ta ba. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya, yana son ƙanensa, amma irin son da ke zuwa da faɗa. Ya shigo da igiya a naɗe a hannu.

"Ni dama na faɗa, ciwon nan ba ya tafiya, kwanciya kawai yake yi. Me yake cewa?"

"Wai yara suna jiransa a aji."

"To kin ji. Ya dawo ke nan."

Malam ya ga igiyar. Bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba, idanunsa ne kawai suka cika da ruwa.

"Yaya, don Allah ajiye wannan," in ji Amarya. "Mutumin da ko tsayuwa ba ya iya yi, ina za shi?"

Suka ciccibe shi zuwa mota. Ta zauna a baya ta ɗora kansa a cinyarta, Inna a gefe tana riƙe da ƙafafunsa. A babban titi suka faɗa cikin cunkoso, motoci sun yi cirko-cirko, masu babura suna kutsawa ta kowace kafa. Malam ya yi amai a cikin leda, ruwa ne zalla. Can sai hannunsa na dama ya fizga shi kaɗai, ya sake fizga.

Amarya tana kallonsa, wani abu yana ci mata rai. Wannan ba irin wancan ba ne. Wancan karon maza huɗu ne suka riƙe shi da ƙyar, bakinsa kuwa ba ya rufuwa. Wannan kuma nutsewa yake yi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Ta san ciwon mijinta kamar yadda ta san tafin hannunta, kuma wannan baƙo ne.

Yaya Babba ya leƙo ta madubi yana danna hon.

"Kun taho da maganin? A ɗura masa biyu yanzu, ya lafa kafin mu isa."

"A'a," in ji Amarya.

"A'a," in ji Inna, kusan tare da ita.

Suka dubi juna, kowacce ta mayar da kanta ga tagarta. Yaya Babba ya yi tsaki ya ce mata dai ba a iya musu.

A asibiti mai karɓar kati bai ko ɗaga kai ya dubi mara lafiyar ba. Launin katin ya gani. Katin Malam kore ne, na sashen masu taɓin hankali, kuma mai koren kati ko ƙafa ya karya can ake fara tura shi.

"Ginin ƙarshe, bayan ɗakin wanki."

"Amai yake yi, kuma ba ya iya tafiya," in ji Amarya. "Ko za a fara duba shi a nan?"

"A can za su duba. Na gaba."

Suka samo keken marasa lafiya mai karkatacciyar ƙafa, Yaya Babba yana turawa yana faɗa da shi, suka bi doguwar baranda har ƙarshe. Benci ya cika da masu jira. Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce likita tana zagayen ɗakuna, su jira. Yaya Babba ya sunkuya yana yi mata bayani cewa allurar nan ta kwantar da hankali kawai za a yi masa kamar wancan karon, ya san kan abin. Amarya ta durƙusa gaban keken tana goge wa Malam baki da gefen mayafinta. Ta kira shi sau biyu kafin ya buɗe ido, kuma da ya buɗe ba ita yake kallo ba.

Ta miƙe ta koma wurin nas ɗin.

"'Yar'uwa, ki taimaka ki kira ta. Wallahi wannan ba ciwonsa ba ne."

Ko me nas ɗin ta gani a fuskarta, ta dai tashi ta shiga.

Likitar ta san Malam tun farkon ciwonsa. Duk zuwan da zai yi sai ya tsare ta da tambayoyi kan furotin ɗin nan nasa, wane ne maganin ke kamawa, an gano ko har yanzu zato ake yi, har takan ce shi kaɗai ne mara lafiyar da sai ta yi bita kafin ta gan shi. Ta fito da murmushinta, ta tsuguna a gabansa.

"Malam, yau babu tambaya?"

Bai amsa ba. Ta kama hannunsa ta miƙar, ta ga yadda yake kaɗawa. Ta ce ya taɓa hancinsa da yatsa. Yatsan ya yi ta yawo a iska ya sauka a kumatu. Murmushin ya ɓace.

"Tun yaushe yake amai?"

"Kwana uku ko huɗu."

"A kai shi gaggawa yanzu. A sa masa ruwa, a ɗebi jini a auna litiyam da ƙoda, a ce ina jira a tsaye." Ta juya ga Yaya Babba. "Kada wanda ya yi masa wata allura."

Suka sake bin barandar a guje, har suka wuce ta gaban mai katin da ya tura su. Aka shige da Malam bayan labule. Likitar ta tara su ukun a wani ɗan lungu kusa da wurin wanke hannu.

"Ba ciwonsa ne ya tashi ba. Maganin ne ya yi masa yawa a jini, kuma ina so in san ta yaya. Ya sha maganin ciwon jiki na kanti? Wani sabon magani? Ya rage shan ruwa?"

Amarya ta girgiza kai.

"To zan yi wata tambaya, ku yi haƙuri da ita. Malam ya san maganin nan fiye da ɗalibaina. Ba zai ƙara bisa kuskure ba. Kun ga wata alama cewa ya gaji da rayuwa?"

"Wa ya sani," in ji Yaya Babba, muryarsa ta yi ƙasa. "Mai irin wannan ciwon, ba ka sanin abin da ke ransa."

Likitar ta zaro alƙalami. Amarya ta ga alƙalamin, ta ga abin da za a rubuta a kan mutumin da bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, abin da zai bi shi duk inda katin nan ya je. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Ba shi ba ne. Ni ce. Ina saka masa ɗaya a shayi da safe, bai sani ba."



"Me ya sa?" in ji likitar, ba tare da faɗa ba.

"Ya fara waƙa. Yana tashi da asuba yana zane-zane. Na ce sarkin zumuɗin ne ya kuɓuce." Ta ji wautar maganar a kunnenta, ta sunkuyar da kai. "Haka yake kiran furotin ɗin."

"Na sani, ya sha faɗa mini." Likitar ta mayar da alƙalamin aljihu. "Abin da bai faɗa miki ba, ko ya faɗa bai shiga ba, shi ne irin waɗannan 'yan aiken ba a wurin ciwon kaɗai suke ba. Suna ɓangaren da ke riƙe tafiya, suna inda ke juya harshe, suna cikin ƙoda. Magani bai san ɗakin da aka aike shi ba, ko'ina yake shiga. Daidai gwargwado yana rage wa mai gaggawa gudu. Ya ɗara kaɗan, sai ya danne har masu aikinsu lafiya. Shi ya sa muke auna jininsa a kai a kai. Da amai ya zo kuma ruwan jikinsa ya ragu, ƙoda ta kasa fitar da maganin, sai ya yi ta taruwa."

Yaya Babba ya juyo gaba ɗayansa.

"Guba kike ba ƙanena a gidansa? A cikin shayi? Wallahi in wani abu ya same shi, ke da gidan nan har abada."

Amarya ba ta kare kanta ba. Ta jingina da bango. Ta saci kallon Inna, tana jiran nata faɗan, wanda ta san zai fi ciwo. Tsohuwar tana zaune a kan benci ta ƙura wa ƙasa ido, ta damƙe gefen mayafinta a hannu ɗaya.

Jiran sakamakon ya yi tsawo. Ta bayan labule Amarya tana hango ƙafar Malam, sabon wandonsa ya tattare, yatsun ƙafar suna motsi su kaɗai. Aka canza ledar ruwa. Wata nas ta fito da sauri ta koma da sauri, ba ta kalli kowa ba. Yaya Babba yana kai da kawo, duk wucewar da zai yi ta gabanta sai ya ja tsaki.

Da likitar ta dawo, fuskarta ta ƙara tsukewa.

"Ɗaya kika ce?"

"Ɗaya. Da safe kawai."

"Abin da na gani a jininsa ya fi ƙarfin haka, ko da an haɗa da aman. Ba hukunci nake yi ba, so nake in san da me nake faɗa. Ki tuna da kyau."

"Wallahi ɗaya ce, likita."

"Ƙarya take yi," in ji Yaya Babba. "Wadda ta iya ɓoye ɗaya ai za ta ɓoye goma."

"Ba ƙarya take yi ba."

Inna ce. Ta ɗago hannun da ta damƙe, ta shiga kwance ƙullin da ke gefen mayafinta. Fararen ƙwayoyi biyu suka bayyana a tafinta.

"Na yau ne. Biyu nake sa masa a ruwan zuma da yamma."

"Inna," in ji Yaya Babba.

"Ni ma na ji waƙar. Ɗakina ne ke jikin banɗakin." Ba likitar take kallo ba, Amarya take kallo. "Wancan karon 'yan'uwanki sun zo da mota za su tafi da ke, kika ƙi. Na ji abin da kawunki ya ce, in aka sake, ba shawara za su zo yi ba. Na ce bari in kashe wutar tun tana ƙarama, yarinyar nan kada ta gani. Na zaci ba ki lura ba."

"Ni kuma hawan jininki na jiye miki, Inna."

Gida ɗaya, kicin ɗaya, kullum suna gaisawa da fara'a, kowacce tana lallaɓa 'yar'uwarta, suna ɗebo daga gwangwani ɗaya. Amarya ta zame ta zauna kusa da tsohuwar. Babu wadda ta yi kuka, abin ya wuce nan. Yaya Babba ya tsaya tsuru-tsuru, sannan ya ce bari ya je ya gyara fakin, ya fita.

"Ruwa kaɗai ba zai isa ba," in ji likitar. "Za mu wanke jininsa da inji, yau ɗin nan. Ina sa ran ƙodar za ta farfaɗo. Rawar hannun da nauyin harshen sukan ɗauki lokaci, wani sa'in ba sa tafiya duka. Ba zan yi muku alkawarin da ban riƙe ba."

Aka gangara da shi wani ɗaki mai sanyi, aka bar su a waje. Rana ta take sosai lokacin da wayar Malam ta yi ƙara a cikin jakar Amarya. Shugaban makarantarsu ne.

"Lafiya kuwa? Yara sun zauna har aka buga ƙararrawa, Malam bai zo ba. Ba halinsa ba ne."

"Waɗanne yara, ranka ya daɗe?"



"Au, har yanzu bai faɗa muku ba? Ai mun mayar da shi aji. Hukumar makaranta ta duba shekarun nan da ya yi lafiya ƙalau, aka ba shi 'yan ajin ƙarshe, yau zai fara. Ya roƙe ni kada maganar ta isa gida sai ya yi darasin farko. Wai in ya faɗa tun yanzu, za a fara yi masa wani irin kallo." Ya ɗan yi dariya. "Ni ban taɓa ganin mutum yana murna haka ba. Zane-zanen da ya yi na ƙwayar halitta har mun manna su a bango."

Ta ce masa Malam ba shi da lafiya, ciwon ciki ne mai tsanani, yana asibiti. Ta yi godiya kamar yadda ya kamata, ta kashe wayar. Inna tana kallon bakinta.

"Wane ne?"

Ta faɗa mata, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba. Tsohuwar ta ɗora hannu biyu a ka. Sai a lokacin kukan ya zo mata, marar sauti, kafaɗunta kawai ke girgiza.

Washegari da yamma aka ce ya farka sosai, za su iya shiga su biyu. Yaya Babba ya tare su a baranda. Ya yi laushi tun jiya, har ya kawo wa Amarya ruwan sha da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ku saurare ni. Na roƙi likita ta ba mu lokaci, ta ce ita ba za ta yi masa ƙarya ba in ya tambaye ta, amma za ta bari mu fara magana. To ku bar shi a kan ciwon ne ya motsa. Ya saba da wannan, zai haƙura. Amma in ya san matarsa da uwarsa ne, wace loma zai sake ci a gidan nan da kwanciyar hankali? Ku rufa wa kanku asiri, ku rufa masa."

Inna ta gyaɗa kai da sauri. Amarya ta ji maganar ta zauna mata daram, don gaskiya ce. Ta san mijinta, zai yafe, amma zai riƙa duban kofi kafin ya kai baki, kuma ita za ta riƙa gani.

Malam yana kwance an ɗaga masa kai, ya faɗa ƙwarai, bututu a wuyansa an rufe da filasta. Hannunsa yana kan bargo yana rawa a hankali. Da ya gan su sai ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Sannu, Auta," in ji Inna.

"Yauwa, Inna." Maganar tana fita da ƙyar, amma tasa ce. Ya haɗiye yawu ya juyo ga matarsa. "Ki faɗa mini tun yanzu. Me na yi wannan karon? Wa na zaga?"



"Na zaci na warke," in ji shi. "Wallahi ban ji zuwansa ba. Na bi duk abin da aka ce. In har zai iya zuwa ban sani ba, to gara su bar ni a ɗakin ajiyar. Ba zan tsaya gaban 'ya'yan mutane ba."

Inna ta kamo wuyan hannun Amarya ta ƙasan gado ta matse, roƙo ne ƙarara. Tsoro Amarya take ji, fiye da wanda ta ji jiya a mota. Ta ɗora ɗaya hannun a kan na tsohuwar, ta zare nata a hankali.

"Ba ka yi komai ba, Malam. Ciwonka bai tashi ba. Murna kake yi."

Ya dube ta, bai gane ba.

Ta jawo kujerar da ke jikin bango ta ajiye dab da gadon, inda zai ga fuskokinsu su biyu ba sai ya juya wuya ba.

"Zauna, Inna," in ji ta. "Ke za ki fara, ko ni?"